Magaryar Bayan Kango

A gida ni malamin daji ne, da kakina da hulata, ba mai sare reshe a gandu sai na yarda. Na zo aikin Hajji na maƙale, sai ga ni ɗan garuwa a unguwar Mansur ta Makka, inda ko akuya ba ta samun inuwar laɓewa. Hausawa birjik, amma babu wanda zan yi hirar itatuwa da shi. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a shekarun nan.

Akwai wani tsohon Bafulatani daga Gini ta Turawan Fotugal, yana sayar da asuwaki a bakin masallacinmu. Wata rana na ɗauki ɗaya na shinshina, na ce ai wannan bai ƙosa ba aka tone shi. Ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kai ɗan daji ne." Da Hausarsa guntu-guntu ya gaya mini sunan aikinsa a can, guarda-florestal, ya raba mini kalmar gida biyu: guarda mai gadi, floresta daji. Na ce to madalla, masu gadin daji har biyu a garin duwatsu.

Ya ja ni bayan wani kango ya nuna mini 'yar magarya, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Daga ranar kullum nakan rage mata ruwa a gindin garwa. Bayan la'asar mu zauna kusa da ita, wani lokaci har magariba ba wanda ya ce uffan, kuma hakan ya ishe ni.

Ta fara 'ya'ya ke nan mai kangon ya zo zai gina ɗakunan alhazai. A Makka ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, amma wanda mutum ya shuka babu laifi. Sai ya tambaye mu, "Ya Hajji, wa ya shuka wannan?"

Na taka ƙafar tsohon don ya ce da kanta ta tsiro, na sake takawa.

Ya ce, "Ni ne. Daga aljihuna ƙwallon ya fito."

Da mutumin ya tafi na hau tsohon da faɗa. Ya ce, "Ɗan'uwa, a Harami zan yi ƙarya saboda itace?"

Aka sare ta. Bai ƙara shimfiɗa asuwakinsa a unguwar ba, ban kuma san inda ya nufa ba. Na daɗe hannuna bai daina rage ruwan nan a gindin garwa ba, sai in dawo ɗaki da shi, in rasa inda zan zuba.