Mai dutsen kaushi da bokitin ruwa

Mijin gwaggona ya shekara ashirin yana sayar da dutsen goge kaushi a bakin kasuwa. Ba wani dutse ba ne, fasassun bulo ne yake gogewa a bayan gida ya jera a tire. Bai taɓa jin kunya ba, abin da ke damunsa kawai rashin masu saye.

Wata rana ya sa na karanta masa yadda dutse ke aman wuta. Can ƙarƙashin ƙasa zafi ke narkar da duwatsu, narkakken ya taso har ya sami tsaga, ya fashe waje, ya huce, ya taru ya zama tsauni. Ya haddace tsaf. Washegari ya zama malami, yana ɗaga bulonsa yana rantsuwa daga bakin tsaunin aka kwaso shi. Mata suka fara taruwa.

Ran nan wata tsohuwa mai wankau da ta ɗebo ruwa a famfo ta tsaya ta saurare shi har ƙarshe.

"Malam, na gaske ai kumfa ce ta daskare, cikinsa duk iska. Nawa na gida a kan ruwa yake tsayawa."

Ta ɗauki ɗaya daga tirensa ta jefa a bokitinta. Ya nutse, ruwan ya gurɓace da siminti.

"Baba, wannan gajiyar hanya ce ke damunsa," in ji shi.

Matan suka watse suna dariya. Yanzu ya koma ɗaya ƙofar kasuwar da laccarsa, nesa da famfo.