Tsagar Ginshiƙan Bakin Kasuwa

Sana'ar Simalos sana'ar jira ce. Shi ke fiƙe tsagar nan mai kwarmi da ke saukowa daga wuyan ginshiƙi zuwa gindinsa, kuma a tsibirinsu ba a taɓa wannan aiki sai an ɗora rufi, don kada igiyar jan dutse ta karya bakin tsagar. Abin da aka yarda masa tun farko shi ne ya fara ta a dutsen ƙasa, tsawon yatsa, ya bari.

Yana saurayi ya yi wa ginshiƙan shirayin bakin kasuwa wannan farawa. Sai yaƙi ya zo, aka kwashe katakon rufi aka yi jiragen ruwa. Da aka sake tara wani, majalisar gari ta ce gyaran ganuwa ya fi gaggawa. Simalos ya koma sassaƙa turmi da kwamin shayar da alfadarai, yana yi yana tsaki.

"Kai da ginshiƙan nan kamar ka haife su," in ji matarsa Bitto. "Ci zaitun ɗinka, maigida, ba inda za su."

"Tsirara suke, Bitto. Gari guda ba mai jin kunya sai ni."

Shirayi ya zauna ba rufi har mutane suka saba. Tsofaffi suka mai da inuwar ginshiƙan wurin hira.

Sai da furfura ta cinye masa gemu aka ɗora rufin. Ya wasa ƙarafansa, ya iso da sassafe. Hannunsa bai fara rawa ba tukuna, ya san kuwa saura ƙiris.

Lamfon, wani mai sayar da kifi wanda yanzu ɗan majalisa ne, ya tare shi.

"Baba Simalos, jiya mun yi shawara. A bar su haka."

"A bar su yaya?"

"Tsaga tana cizon baya. Ina za mu jingina? Amma kada ka ce aikinka bai yi rana ba." Ya goga takalminsa a 'yar tsagar gindin ginshiƙi, laka ta fita tas.

Simalos ya zauna, ya jingina da ginshiƙin. Dutsen sumul, ga ɗumi, ya yi daidai da bayansa. Wannan daɗin ya fi komai ƙona masa rai.