Idon Inna Almakashi da Manhajar Gwaji

Inna Almakashi ake ce mata a kamfanin ɗinki, har 'ya'yanta sukan kira ta haka idan suna son tsokana. Tun tana da goyon fari ta shiga ɗakin yanka, wani dogon ɗaki mai teburori biyu da fanka guda wadda ƙararta ta fi iskarta. Mijinta ya rasu autanta bai yi wayo ba. Da almakashin nan ta ciyar da su, da shi ta sa su makaranta. Babban yatsanta na dama ya yi kanta, ko murfin tukunya mai zafi ta ɗauka ba ta ji. Rigunan 'yan makaranta da na masu gadi, duk ta hannunta suke bi kafin su hau keken ɗinki.

Da girma ya fara kama ta sai idonta na hagu ya yi yana. Layin alli a kan shuɗin yadi ya riƙa ɓace mata. Ba ta faɗa wa kowa ba sai Mai Alli, ƙawarta ta teburin gefe, wadda aikinta shi ne zana layin da za a bi a yanka. Mai Alli ta daina fiƙe allinta. Ta riƙa ja mata layi mai kauri, wani lokaci ta maimaita. Layi mai kauri yana cin yadi kaɗan, ka'idar kamfani kuma ta hana, amma haka suka yi ta rufa wa juna asiri.

Shi kamfanin yana da manhajar hira tasa ta kansa. Manaja ya hana kowa zuwa ofis da baki. Neman hutu, rashin lafiya, ƙorafi, komai sai ta waya. Akwai zauren kowa da kowa, akwai kuma ɗakunan sirri inda mutum zai yi magana da nas ɗin kamfani ko da manaja shi kaɗai. Kwamfutar da ke riƙe da hirar gaba ɗaya tana wani lungu bayan ofis, kan tsohuwar kujera, kusa da bokitin goge ƙasa.

Ƙanin manaja ne ke kula da ita. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Masu ƙera manhajar iri biyu suke fitarwa: wadda suka gama suka tabbatar da ita, da wadda suke kan gwadawa, wadda suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a ɗora aikin gaske a kanta. Ta gwajin ya zaɓa. Duk sanda suka taɓa wani abu sai ya sauko da shi ya ɗora, ko gwadawa a gefe ba ya yi. Sai hira ta tsaya rabin yini, saƙon jiya ya ɓace, wata ta nemi hutun zuwa asibiti a ce ba a gani ba.

Nas ta taɓa tare shi a bakin lungun. "Injiniya, wai me ya sa abin nan naka kullum cikin suma yake?"

"Anti, ba za ki gane ba," in ji shi, yana murmushi. "Wadda kowa ke amfani da ita ai ta tsofaffi ce. Wannan ko masu ita ba su gama ba. Mun riga duniya."

"To Allah ya sa kada ka riga mu zuwa lahira."

Ya yi dariya ya wuce. Wa zai yi masa magana? Uwa ɗaya uba ɗaya suke da manaja.

A ɗakin sirri Inna Almakashi ta yi wa nas bayani. Da murya ta aika, don rubutu ya fara yi mata wuya. Ta faɗi yanar, ta faɗi allin, ta yi kuka kaɗan, ta roƙa a taimaka mata ta ga likitan ido ba tare da manaja ya ji ba.

Wata safiya Injiniya ya ɗora sabon gyara kafin ya tafi karyawa. Gyaran ya ɓalle makullin ɗakunan sirri. Duk wanda ya buɗe wayarsa sai ya ga hirar kowa a zube kamar shanya. Akwai asirai da yawa a ciki, amma rubutu sai an zauna an karanta. Nata kuwa murya ce, dannawa kawai ake yi.

Tana tsakiyar yanka hannun riga ta ji muryarta tana fitowa daga ɗakin kekuna. Sai daga wata wayar. Sai wata. Kekuna suka yi tsit, dariya ta tashi.

"Inna, yatsu nawa na ɗaga?" wata mai guga ta leƙo tana tambaya.

"Ashe shi ya sa wuyan rigar masu gadi ya karkace!"

"Ku ja baya, makauniya da almakashi!"

Matan da ta koya wa riƙe yadi ne waɗannan. Har da wadda ta goya wa ɗa ranar da aka hana ta hutu.

Da rana manaja ya kira su ita da Mai Alli. Ya fara da Mai Alli. "Ke ce mai ɓarnar yadin?"

Mai Alli ba ta ko kalli gefen da ƙawarta take ba. "Ranka ya daɗe, ita ta matsa min. Babba ce, na rasa yadda zan ce mata a'a."

Inna Almakashi ta dube ta da idon da ke gani. Ba ta ƙaryata ta ba. Ta san Mai Alli ma bakuna take ciyarwa.

"Inna," in ji manaja, "ki je ki huta. Ba za mu jira sai kin yanke yatsa a ce laifinmu ne ba."

"Shi fa?" Ta nuna Injiniya, wanda ke jingine da ƙofa yana latsa waya. "Shi da ya tsiraita mutane?"

"Wannan matsalar na'ura ce, kuma ya gyara cikin gaggawa. Ke kuwa ɓoyewa kika yi."

"Inna, ki gode min ma," Injiniya ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Yanzu sai ki je ki yi magani hankali kwance."

Ta ajiye almakashin a kan teburin manaja, ta ɗauki jakarta. Ba wanda ya raka ta ko bakin ƙofa.

An ce a cire ta daga zauren hira. Sai aka tarar a sabon gyaran wurin cire mutum ba ya aiki, Injiniya ya ce a jira gyara na gaba. Don haka tana zaune a tsakar gidanta wayar na ta ƙara a gefen tabarma. Wata ta yanko inda Inna ta yi kuka a saƙon muryar, sun mai da shi abin amsa wa juna a zauren. Haruffan sun yi mata ƙanana, sai ta miƙa wa babbar 'yarta.

"Karanta min. Me suke cewa?"

'Yar ta duba, fuskarta ta sauya. "Ba komai, Inna. Maganar yadi ce."

"Maganar yadi ce ta sa muryarki rawa? Karanta min, na ce."

'Yar ta kife wayar a cinyarta, ta danne ta da hannu biyu. Wayar ta sake ƙara.