Dami Arba'in na Kawu Ilu

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, kuma sau da yawa nakan fara wannan rubutu, in tsorata, in yage, don gudun tona abin da shi ya rufe. Amma tsufa ya cim mini, waɗanda suka san maganar kuma suna ta ƙarewa.

Kawu shi ne sarkin gida a wani gidan sarauta a ƙasar Wudil, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Duk abin da za a ci a gidan ta hannunsa yake bi. Shi ke karɓar gero da dawa daga gandun Utai, shi ke auna wa mata na girki, shi ya san harawar dawaki da akushin baƙi da rigunan sallar barori. Albashin maigidan ba ya kai ƙarshen wata, rumbu ne ke riƙe da gidan. Kawu bai yi boko ba. Tsakuwa yake jefawa a ƙwarya, kowane dami tsakuwa ɗaya.

Da tsohon maigidan ya rasu aka naɗa sabo, wakilinsa ya ce a riƙa rubuta komai. Ni na yi elementare, ga iyali ba aiki, sai Kawu da kansa ya kai ni aka ba ni aikin rubutun. Da kaka ta zagayo na haɗa lissafi, dami arba'in suka ɓace. Sau uku ina sakewa.

"Habu, rubuta an ci," in ji Kawu.

"Wa ya ci, Kawu?"

"Bayin Allah. Kai dai rubuta."

Ni mutum ne mai tsoron ƙarya. Na rubuta: dami arba'in, ba a san inda suka shiga ba. A zaure, gaban jama'a, wakili ya karanta, ya ce, "Sarkin gida, ina hatsi?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na san inda ya tafi, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Aka tuɓe shi. Ya koma gonarsa a Indabo, mutane suna ce masa ɓeran rumbu. Bai taɓa yi mini gori ba har ya rasu, wannan kuwa ya fi duka ciwo.

Bayan sadakar arba'in matarsa, Inna Kande, ta gaya mini. Ashe tsohon maigidan ya ba shi amanar wasu gidaje: matan barorin da suka mutu, wani malami da ya makance, mutanen da gara su kwana da yunwa da su yi roƙo. Ranar Juma'a, in jakunan kasuwar Wudil sun cika hanya, sai Kawu ya cusa jaki ɗaya a cikinsu, a sauke taiki a zauren gida a wuce. Sharaɗin shi ne ba a faɗar suna, ba a jefa tsakuwa. Ita kanta ba ta san gida ko ɗaya ba.

Yau in za a ba mutum kwanon gero sai an kira sunansa a lasifika, an ɗauki hoto. Na san da Kawu ya ga haka da ya kau da kai. Ban ce rubutu laifi ne ba, na ga gidajen da aka cinye da sunan amana. Shi ya sa raina bai kwanta ba: shaidata mace ɗaya ce, matarsa, ita ma ta rasu. Bara jikansa ya je neman aure, aka tayar masa da maganar ɓeran rumbu, aka fasa. Magana zarar bunu, balle wadda aka rubuta, kuma hannuna ne ya rubuta ta.

Abin da ya rage na Kawu ke nan: shirunsa, da tabon da na shafa masa. Don haka ina roƙon masu karatu. In akwai wanda ya taɓa jin iyayensa ko kakanninsa sun ce sukan tarar da taikin hatsi a zaurensu ranar Juma'a, ba su san mai kawowa ba, don Allah ya aiko ta hannun editan wannan jarida. Ba na neman sunan gidanku. Ku ce kawai an yi, in kai wa jikokinsa kafin in bi shi.