Tsokar Da Na Ɗora Kan Miyar Inna

Ranar wata Litinin ce cikin kakar shekarar 1997, an idar da sallar Magariba, ina tsugune a zauren gidanmu da kwano biyu a gabana. Ɗaya akushin mahaifina ne, Baffa, tuwon dawa da miyar kuka, wanda Inna ta ba ni in kai ƙofar gida inda maza ke cin abinci tare. Ɗayan kwanon samira ne da na karɓo daga gidan maƙwabcinmu Malam Tanko mahauci, wanda matarsa ta saba aiko wa Goggo, yayar Baffa, duk ranar kasuwa. Shinkafa ce da jar miya, ga tsoka biyu zaune a kai suna ƙyalli. Shekarata goma a lokacin. Na leƙa waje, na leƙa cikin gida, ban ga mai kallona ba, sai na sa yatsu biyu na ɗauke tsoka ɗaya na ɗora kan miyar Baffa, na mayar da faifai na rufe. Yatsun dai na lashe, ba zan ɓoye ba, amma naman ko gutsura ban yi ba. Na kai akushin na ajiye kan tabarma, na kai wa Goggo nata, na dawo zaure na raɓe ina jin kaina kamar wadda ta yi wa gidanmu wani babban aiki.

Ƙauyenmu yana gefen Kiyawa, kuma mu asalinmu masu shanu ne da suka gaji da yawo suka zauna suka kama noma. A unguwarmu kowane magidanci yakan fito da kwanonsa bayan Magariba, a shimfiɗa tabarmi gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a jera kwanuka, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare, abin da ake kira ciyayya. Ba a tambayar wannan na gidan wa ne, amma kowa ya san akushin kowa. Mu yaran da muka kawo abincin mukan tsaya a zaure muna jiran kwanuka, ido kuwa yana kan duk faifan da aka ɗaga. Gidan wane yau busasshen kifi, gidan wane ƙashi ne ko da guda, gidan Malam Tanko kuwa ba a magana. Namu kullum miya ce zalla, ko ka juya ta har gindin akushi ba abin da hannunka zai ci karo da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba rashi ne ya hana mu ba. Ga shanu a garke bayan gida, ga awaki da tumaki, ga kajin Inna da zabi suna cika tsakar gida da hayaniya tun asuba. Amma Baffa ba ya sa wuƙa a wuyan dabbarsa sai Babbar Sallah, ko suna, ko baƙon da ya zo daga nesa. Ko a ranakun ma wani yake miƙa wa wuƙar in ba layya ba ce, in an dafa kuma ya ɗan taɓa ya ture. Yakan ce, "Ni na karɓi haihuwarta, ni na cire mata kaska, yanzu kuma in zauna ina tsotsar ƙashinta?" A wurinsa nono da man shanu su ne rabonmu a jikin dabba, kuma sun isa. Goggo kuwa, Allah ya jiƙanta, haƙora huɗu suka rage mata amma ba ta taɓa ɓoye son nama ba. Takan zauna bakin ɗakinta ta ƙura wa wani jibgegen zakara ido, ta ce ita dai tana ganin zakaran nan ba shi da lafiya, gara a yanka kafin ya zama mushe. In Baffa ya yi kamar bai ji ba, sai ta ɗaga murya ta ce, "Allah bai halatta nama don a yi ta kallonsa yana yawo a tsakar gida ba." Haka suke yi kusan kowane mako, ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Inna ba ta shiga wannan gardama, don ita ba ta ga abin da miyarta ta rasa ba. Kukarta da kanta take tsinko ganyen, ta shanya a inuwa don kada rana ta cinye korensa, ta daka ta tankaɗe. Daddawa ma ba ta saye. Kalwa take dafawa kwana guda cur, ta wanke, ta rufe da ganye har ta yi, gidan duk ya ɗauki wari, mu yi ta toshe hanci tana yi mana dariya. In za ta ɗora miya sai ta fara jefa ɗan wake ya dahu ya narke, ta zuba daddawar da ta daka da citta da masoro da barkono, ta bar tukunyar ta yi ta tafasa a hankali kan itace biyu, sannan ta kaɗa kuka da maburgi, ta sauke, ta kawo man shanu ta zuba. Ni ce mai tura wuta da miƙo ludayi, kuma tana yi tana nuna mini. Mai jego in bakinta ya ƙi abinci, gidanmu ake aikowa da kwano. Tsohon da ya tashi daga zazzaɓi, miyar Inna yake cewa a nemo masa. A wurin ciyayya ma akushinmu ne ke fara komawa fes kamar an wanke. Duk na ga wannan da idona, amma a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Makaranta ce ta fara ɓata ni. A firamarenmu, in an fita tara mun gama 'yar carafke gindin maina, sai a koma hirar abin da aka ci jiya, kuma ba a yarda da baki kawai, sai an shinshina hannu. Wata yarinya a ajinmu ta kama hannuna ta kai hanci, ta yatsine fuska ta ce mu da shanu kamar me amma hannuna sai warin daddawa. Sau ɗaya ta faɗa, wataƙila ma kafin a tashi ta manta, ni kuwa na ɗauke shi na kai gida na ajiye a rai. Sai kuma ga Yaya Sale, babban wanmu, da ya sami aikin masinja a sakatariya a Dutse. Duk ƙarshen mako yakan zo da tsire a ƙunshe cikin takarda, ya zauna ya juya miyar Inna da cokali, wai shi ɗan birni, ya ce a Dutse ko lebura ba ya cin lami. Inna takan yi dariya ta ce da lamin ya yi ƙafafun da suka kai shi Dutsen. Maganarsa ko a jikinta. Ni ce dai nake haɗiye kowace kalma tasa tare da yankan tsiren da yake ba ni.

To, ranar Litinin ɗin nan da aka zo kan akushinmu, Baffa ya ɗaga faifai, sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Jan man da ke jikin tsokar ya narke ya malale kan koriyar miya, ko makaho ya san daga wata tukunya ta fito. Malam Tanko, mutum ne mai barkwanci, ba mugu ba, ya sunkuya ya duba ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai yankan hannuna ne. Yaushe ya tsallako katanga?" Aka fashe da dariya. Baffa bai yi ba. Ya ɗauki tsokar ya ajiye gaban Liman, wanda shi ne babba a wurin, ya yi loma biyu ko uku ya wanke hannu. Daga cikin gida kuma ina jiyo Goggo tana faɗa ita kaɗai, wai matar Tanko ta fara rowa, tsoka biyu ta koma ɗaya.

Da aka watse, Baffa da kansa ya ɗauko akushin, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye gaban Inna, ya tambaye ta cikin sanyin murya ko ta fara roƙon nama a maƙwabta ne. Ta ce ita ba ta san zancen ba. Ta dubi jan man da ya rage a gefen akushin, ta saurari faɗan Goggo, sannan ta juyo ta dube ni. Baffa ya nufi inda yake ajiye tsumagiya, ta ce ya bar mata ni.

Sai da safe, muna surfe, ta yi maganar. Ba ta daina daka ba ta ce, "Da ci kika yi, da na gane, yaro ba ya rasa kwaɗayi. Me ya sa kika ɗora wa mahaifinki?"

Na ce, "Kunya nake ji, Inna. Kullum kwanonmu ne kaɗai babu nama. Dariya ake yi mana."

Ta tsayar da taɓarya. Ta ce, "A wurin ciyayyar ake dariyar?"

Na ce e.

Ƙarya na yi. Ba wanda ya taɓa yi wa akushinmu dariya sai a daren nan, kuma wannan ni na jawo. Na faɗa ne don in tsira daga duka, don na ga in laifin ya koma kan mutanen waje nawa zai yi sauƙi. Na kuwa tsira. Inna ba ta taɓa ni ba, ba ta zage ni ba, ta ci gaba da surfenta har muka gama. Da Yaya Sale ne ya faɗa da ta yi dariya ta wuce. Amma ni ce mai kai akushin, ni ce mai tsayawa a zaure ina gani da ji, ita kuwa ba ta fita. Abin da na kawo mata daga ƙofar gida shi ne labarin ƙofar gida.

Daga makon nan abubuwa suka sake. Zakaran da Goggo ta daɗe tana yi wa fatan ciwo shi ya fara tafiya, wasu suka bi bayansa. Ranar kasuwa Inna takan ba da man shanunta a karɓo mata ƙashi ko kayan ciki. Ranar da babu, sai ta ce wa Baffa yau tuwon bai yi kyau ba, ya fita da fura. In an aiko da kwano daga gidan mai jego, ta ce a yi haƙuri, yau ba abin kirki a tukunyar. Da nama ya shigo sai ta rage daddawa, ta daina sa wake, miyar ta koma irin ta kowa. Na ji da kunnena Liman yana tambayar Baffa ko an sake mai girki a gidan ne, Baffa ya ce a'a, ita ce dai. Goggo ta yi ta sa albarka tana tsotsar ƙashi. Baffa bai hana ba, bai kuma yaba ba, sau da yawa naman yakan dawo cikin akushi yadda aka sa shi. Ni kuma Inna ta koma koya mini jar miya, ta ce ita za ta yi mini amfani in na yi aure a birni. Na ga duk wannan yana faruwa a gabana, na san daga inda ya taso, kuma kullum ina cewa gobe zan gaya mata gaskiya. Tsoro ya hana ni da farko, daga baya kunya, daga baya kuma na tafi makarantar kwana abin ya yi nisa.

Yanzu a Dutse nake da aure, ina koyarwa, firji ba ya rabuwa da nama. 'Ya'yana in an zuba musu abinci cokali suke fara sawa suna tono, in ba su ci karo da komai ba su ture kwano su ce ba sa jin yunwa. Nakan buɗe baki zan yi musu faɗa, sai in tuna ko ni wace ce in yi shiru. Da likita ya ce maigidana ya rage jan nama, na sayo kuka da daddawa na gwada abin da nake iya tunawa. Ana ci, ba laifi, amma ni na san ba ita ba ce.

Baffa da Goggo sun rasu, darbejiyar ma an sare ta an yi shago, kowa a ɗakinsa yake cin abincinsa. Inna tana nan, ta tsufa. Duk ranar da na je, kafin in ajiye jaka an fara bin kaza a tsakar gida, in kuwa na zo ba shiri sai ta yi ta ba ni haƙuri kan abin da na tarar. Bara na zaunar da ita na gaya mata komai, cewa ba wanda ya taɓa yi mata dariya, cewa akushinta ne ake fara cinyewa, cewa ƙarya na yi don gudun duka. Na roƙe ta ta dafa mini miyar nan yadda take yi da, ko sau ɗaya. Ta saurare ni har na gama, ina hawaye, sannan ta yi murmushi ta dafa gwiwata ta ce, "Kin girma, kin iya lallashi." Ta juya ta ce a kamo mata baƙar kazar nan.

Na ci kazar, raina a ɓace da kaina. Ƙaryar da na yi mata ina 'yar shekara goma ta karɓa nan take, gaskiyar kuwa har yau ta ƙi yarda da ita.