Zauren Sahabi ba na sayarwa ba ne

Shekara biyar ke nan, a irin wannan lokaci na cirar albasa, da muka kai Sahabi makwancinsa a Goronyo. Ɗan ƙanwata ne, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Allah ya jiƙansa. Yawancin masu karatu ba su san shi ba, amma duk manomin fadama mai waya, daga Kwargaba har Rabah, ya san zauren da ya buɗe mana a intanet.

Kafin zauren, dillali ne ke faɗa maka yadda buhu ya kwana a kudu, kai kuma ka ce to. Da Sahabi ya buɗe shi, sai direban da ya sauke kaya can ya faɗi abin da idonsa ya gani, mutumin Dinawa ya ji, na Wurno ya ji. Wanda bai iya rubutu ba ya danna ya yi magana.

A nan matsalar ta fara. Mu ba ma shiga zaure mu faɗi abin da ya kawo mu kai tsaye. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya shanu. Ni kaina nakan bi dattawa ɗaya-ɗaya da suna. Ashe kowace gaisuwa wuri take ci, wurin kuma haya ake biya duk shekara. Zaure ya yi nauyi. Ka danna, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, har motar dillali ta cika ta tashi ba ka ji farashi ba.

Sai wani babban dillali ya ce zai ɗauki nauyin hayar duka, a faɗaɗa wurin. Sharaɗinsa ɗaya: yaransa kaɗai za su riƙa sa farashi, wai don kada a rikita jama'a. Ni na fi kowa matsa wa Sahabi ya karɓa. Yana gyaran wata waya, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kawu, mi munka gudo tun farko? Wanda yac ci ladan kuturu dole shi yi mai aski."

Abin da ya yi shi ne abin da kowa ke yi wa albasa a rudu, wato rumbun ajiyarta: a riƙa tsince ta, kada lalatacciya ta ɓata mai kyau. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya share tsofaffin gaisuwa ya bar labarin kasuwa da na ruwa. Haya kuma, kowa ya kawo kwandon albasa a lokacin cira, a sayar a biya. Ranar da na tarar ya share gaisuwata na yi fushi, na daɗe ban zauna shagonsa ba. Yau da zan samu bencin shagon nan da shi a kai!

Bayan rasuwarsa zauren ya koma hannun abokinsa Nasiru. Jama'a ta ƙaru, haya ta tashi, kwandunanmu ba su ƙaru ba. Tsinta kuma ta tsaya, domin Nasiru ya kasa taɓa tsohon ɓangaren. Muryar Sahabi ce cike a ciki, da tarin ta'aziyyar da aka yi masa. Bana nauyin ya kai har wasu suka daina shiga. Dillalin nan ya dawo da sharaɗinsa na da.

Muka taru a Wurno. Nasiru ya ce hanya biyu ce: ko a karɓi kuɗin, ko a share tsohon ɓangaren. Kowa ya juyo yana kallona. Na ce a kwashe muryoyin a kai wa mahaifiyarsa, sannan a share. Nasiru ya ce, "Baba, har da nashi?" Na ce, "Da nashi za ka hwara."

Na ji ana cewa na binne yaron sau biyu. Masu faɗin haka su faɗa. Na zauna da shi, na san abin da zai ce da ya ga zaurensa ya zama hubbare, ana shiga jin muryar mamaci alhali mai rai ba ya samun farashi. Dariya zai yi mana, sannan ya share da hannunsa.

Ba zan yi ƙarya ba, har yanzu zauren ba ya gudu, kuma ban san yadda hayar baɗi za ta fito ba. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Dillali ya riƙe kuɗinsa. Idan kwando bai isa ba, mu kawo buhu.

Jiya da hantsi, ina bakin gona, na danna. Zoben ya juya, ya juya, na jira shi. Sai ga muryar wani direba daga kudu: sallama ɗaya, sannan farashi. Ya ɗara wanda yaran dillali suka faɗa mini da safe. Na ce su sauke buhunana daga motarsu. Muryar Sahabi ba ta cikin zauren yanzu, amma shi ne ya hana ni sayarwa.