Jakin da bai taɓa barin kasuwa ba

Muna yara a ƙauyenmu na ƙasar Gaffati, da an gama cin tuwo sai Kaka Hassu ta ƙara kara a murhu, mu kewaye ta. Ni ta fi tsokana. "Matso, maigidana, kai ne mai kunnen ƙashi." Sai ta ce ga ta nan, mu ce ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani falke ya je sayen jaki. Aka nuna masa tsoho mai tabon mangala, wanda ya san kowace rijiya a hanya, da wani ƙosasshe mai sheƙi. Ya zaga kasuwa da ƙosasshen, ya ga tafiya ta yi, ya saya. A daji hadari ya rufe, hanya ta ɓace, falke ya saki igiya don jaki ya nemo ta. Jaki ya tsaya yana kallonsa. A kasuwa aka haife shi.

"Ba a gwada jaki a kasuwa," in ji Kaka. "Kai shi bayan gari, ka saki igiya." Mu dai dariya muke, tana kwaikwayon kukan jaki.

Yanzu ni direba ne, ina kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka da allurar rigakafin yara cikin akwatin ƙanƙara. Bara aka aike ni sayen tablet mai taswira. Mai shago a Damagaram ya nuna mini biyu. Ƙaramin ya ƙoƙe, amma yana gane wuri ko babu rezo, wato sabis na waya. "Babban nan kuwa, Malam, sai da wifi yake sanin inda yake." Na ji shi sarai. Na kunna babban a shagon, ɗigon shuɗi mai nuna inda muke ya fito daidai. Ina son a gan ni da babba, na ɗauka.

Damina ce, gero ya fi mota tsawo. Muka iske hanya ta rabu uku. Madam Rahila, mai yi wa yara allura, ta ce, "Isa, ina muke?"

Na ce mun kusa. Ban sani ba. Na bi ta tsakiya, ta tsuke, babu wurin juyawa, taya ta nutse a laka. Gero gaba, gero baya. Madam ta buɗe akwati, ƙanƙara ta fara zama ruwa.

"Allon naka me ya ce?"

"Ya ce muna Damagaram."

"To, ka gaishe mini da mutanen gida."

Kafin wani mai amalanke ya zo da shanunsa ya ja mu, magani ya yi zafi, ya lalace. Matan da suka wuni a gindin gawo da goyo suna jiranmu suka watse.

Dā na ɗauka tatsuniyar wawan jaki ce. Ashe jakin bai yi wa kowa ƙarya ba. Tablet ɗin yana gidana, yara na kallo da shi. Duk fitar da za mu yi, Madam takan tambaye ni lafiyarsa.